Tsinken Tsintsiya a Ɗakin Wanke Hoto

'Yan'uwa, akwai wani mutum, malami ne a wata makarantar sakandare, yana koya wa ɗalibai ɗaukar hoto irin na dā, baƙi da fari, wanda ake sa fim a cikin kyamara, a ɗauka, sa'an nan a je a wanke. Na ga waɗansunku sun fara murmushi, da yake yanzu kowa da waya a aljihu, kowa ya zama gwanin hoto. To, ɗalibansa ma haka suka yi masa da fari. Suka ce, “Malam, me ya yi zafi? Ga waya nan, kana latsawa kana ganin kanka.” Bai yi musu da su ba. Ya ce, “Ku dai zo ku gani.”

Ya roƙi shugaban makaranta wani tsohon sito da ɓeraye suka mayar gidansu. Ya share shi da hannunsa, ya toshe taga da tsofaffin barguna, ya rataya jan ƙwan fitila, domin jan haske ne kaɗai ba ya ɓata takardar hoto. Ya jera tasoshin ruwan magani a kan tebur. A gefe kuma ya kafa fitilar buga hoto, wadda take haska fim daga sama, hoton ya sauka a kan takarda a ƙasa. Bayan an tashi daga aji yakan shiga da ɗaliban rukuni-rukuni, bai taɓa shiga da mutum ɗaya shi kaɗai ba. Sa'ad da aka tsoma farar takarda a cikin magani, hoto ya fara tasowa a hankali, yara sukan saki baki. Shi kuwa a wannan lokaci fuskokinsu yake kallo, yana jin daɗi. Ni dai ina ƙaunar mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Akwai darasi ɗaya da yake maimaitawa har ɗaliban suka gaji. A cikin kyamarar akwai wata 'yar allura mai auna haske. Yakan ce musu, “Allurar nan ba ta da wayo. Da ta ga farar riga a rana sai ta tsorata, ta ce haske ya yi yawa, a rage. In kun bi ta kun rage, riga za ta fito tas, fuskar mai rigar kuwa ta koma gawayi. Mu baƙaƙen fata ne, ga mu da son fararen kaya, ga mu da son tsayawa a tsakiyar rana. Saboda haka ku matsa kusa, ku auna hasken a fuskar mutum. Mutumin kuka zo ɗauka.” Ya faɗa, ya sāke faɗa, har suka laƙaba masa suna a bayan idonsa, suna ce masa Malam Auna-a-Fuska. Ya sani sarai, bai kuwa damu ba.

Wata rana ya ba su aiki. Kyamara ɗaya ce, fim ɗaya ne, za ta zaga hannu-hannu, kowa rabonsa ɗauka ɗaya. Ya ce kowa ya ɗauko wani na gidansu a bakin aikinsa.

A cikinsu akwai wata yarinya, sunanta Afiniki. Mahaifinta Dogara mai haƙar rijiya ne, mutum ne da bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. In aka ɗaga masa waya sai ya juya ƙeya, ya ce, “Me za a gani a fuskar nan?” Amma Afiniki sunan mahaifiyarsa ta ci, ba ya iya ce mata a'a. Da ta zo da kyamara ta same shi ya dawo daga aiki, jikinsa duk jan laka. Sai ta tuna 'yan ajinsu za su ga hoton, waɗansu iyayensu ma'aikatan ofis ne, kunya ta kama ta.

Ta ce, “Baba, ka yi wanka ka sa farar rigarka ta Lahadi.”

Ya ce, “Uwata, ba cewa aka yi a bakin aiki ba? Bari in zauna a gindin mangwaron nan yadda nake.”

Ta ce, “A'a, Baba. Rigar dai.”

Ya yi dariya, ya shiga ya yi wanka, ya sa rigar. Ta tsai da shi a tsakar gida a gaban rumbu, rana tana tsaka, ta ja da baya domin rigar ta shiga duka, har da aikin zaren wuya. Ta duba allura, allura ta ce a rage, ta rage. Darasin nan da aka maimaita har kunne ya gaji, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba, domin idonta yana kan riga. Ta latsa, ta mai da kyamara makaranta, aka miƙa wa na gaba.

Shi fim ba a buɗe shi sai ya cika. Kyamara tana cikin zagawa, damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kama Dogara. Bai daɗe a kwance ba ya rasu.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya Afiniki ta sami mahaifiyarta ta yi tagumi a bakin murhu, wuta ta mutu ba ta sani ba. Uwar ta ce, “Afiniki, wani abu yana ba ni tsoro. In na rufe ido ina so in ga babanku, sai in ga hannuwansa, in ga tafiyarsa. Fuskar kuwa tana ƙi mini. Kullum tana ƙara nisa.”

Afiniki ta ce, “Mama, kada ki damu. Na ɗauke shi hoto, yana makaranta. Zan kawo miki shi.”

Duk duniya ba wani hoton Dogara sai wannan ɗaya, ga shi kuma ta yi wa gwauruwa alkawari.

Da fim ya cika, malamin ya wanke shi, ya shanya. Abin da yake fita daga wankin nan shi ake kira dodon hoto, domin kome a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ranar da aka zo kan rukunin su Afiniki, aka sa nata a fitila, aka haska takarda, aka tsoma a magani. Rumbu ya fito. Riga ta fito, kai, ko telan da ya ɗinka ta bai taɓa ganinta da kyau haka ba, ana iya ƙirga zaren wuya. A saman rigar kuwa, inda fuska take, ba ido, ba hanci, ba baki. Baƙi ƙirin.

Afiniki ta zuba wa takardar ido. Ta ce, “Malam, na san abin da na yi. A riga na auna.” Ta fashe da kuka.

A nan ne nake jinjina wa mutumin nan. Da ni ne, ko waninku, da abin da zai fara fita bakinmu shi ne, sau nawa na gaya miki? Yana kuwa da gaskiyar faɗar haka. Bai faɗa ba. Ya zare dodon hoton, ya fita da shi waje, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya sa gilashin ƙara girma, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya komo ya rufe ƙofa.

Ya ce, “'Yata, share hawayenki. Fuskar tana nan, amma da ƙyar. Ba zan yi miki alkawari ba, sai mun gwada.”

Ya bayyana musu yadda abin yake. A jikin dodon hoton, wurin riga yana da kauri, haske yakan daɗe kafin ya ratsa shi. Wurin fuska kuwa shara-shara ne, haske yana wucewa kamar ruwa a rariya. Kafin riga ta sami abin da ya ishe ta, fuska ta riga ta ƙone.

Wani daga cikin ɗaliban ya ce, “To ai da sauƙi, Malam. A rage hasken gaba ɗaya mana.”

Malamin ya ce, “Gwada mu gani.” Haka yake, ba ya hana yaro gwada abin da ba zai kashe shi ba.

Aka haska kaɗan, aka kashe fitila da wuri. Da aka tsoma, riga ta ɓace, ta saje da farar takarda. Rumbu ya ɓace, ƙasa ta ɓace. Sai wani abu toka-toka yana reto a tsakiya, ba wuya, ba kafaɗa. Afiniki ta kau da kai, ta ce, “Wannan ba Baba ba ne. In na kai wa Mama wannan, tsoro zai ba ta.”

Sai malamin ya ce a miƙo masa tsintsiyar da take bayan ƙofa. Ya zare tsinke ɗaya, dogo, siriri. Ya yanko ɗan guntun kwali kamar faɗin farcen babban yatsa, ya liƙa shi a bakin tsinken da ƙaro. Ya ce, “Hasken za mu bar shi yadda yake, da cikakken ƙarfinsa, domin riga da rumbu suna bukatarsa. Fuskar kaɗai za mu yi wa inuwa. Za a riƙe wannan tsakanin fitila da takarda, inuwarsa ta sauka a kan fuskar, ta tare mata hasken na ɗan lokaci.” Ya miƙa wa Afiniki tsinken.

Ta ce, “Malam, don Allah kai ka yi. Na riga na ɓata sau ɗaya.”

Ya ce, “Ni ban taɓa ganin babanki ba. In ya fito ba zan san ya fito ba. Ke za ki yi, ina nan kusa da ke.”

Ta karɓa. Aka kunna fitila. Saboda tsoron kuskure ta ƙanƙame tsinken, ta ɗauke numfashi, ta riƙe shi ƙam a wuri ɗaya har aka kashe. Da aka tsoma takardar, sai ga wani farin da'ira a inda fuska take, ga kuma farin layi ya ratsa riga daga kafaɗa zuwa gefe, sak kamar an kifa wa mutumin ludayi. Waɗansu yaran dariya ta kusa kuɓuce musu, suka danne. Duk wanda ya kalli hoton nan, tsinke da kwali zai gani, ba wanda zai ga Dogara.

Malamin ya ce, “Kin ga abin da ya faru? Hannunki ya tsaya. Inuwa in ta tsaya wuri ɗaya, kanta take bugawa a takarda. Sai ki riƙa motsa shi, kada ya huta, domin kada gefensa ya bar alama. Abu na biyu, kin rufe fuskar tun daga fari har ƙarshe, shi ya sa ba ta sami kome ba. Ita ma tana bukatar rabonta na haske. Ki tare mata, sa'an nan ki janye.”

Afiniki ta ce, “Malam, hannuna rawa yake yi, ba zan iya ba.”

Ya ce, “Bar shi ya yi rawarsa. Ita muke nema.”

Suka sāke gwadawa. Fuska ta fito fari fat, ta janye a makare. Suka sāke, ta yi duhu, ta janye da wuri. Takardar hoto ba a samunta a garin, daga nesa ake aiko wa malamin, rabon Afiniki kuwa ya ƙare. Sai wata yarinya ta tura mata tata, wancan da ya kawo shawarar rage haske shi ma ya tura tasa. Malamin ya gani, ransa ya yi fari ƙwarai.

Aka sāke kunna fitila. Hannun Afiniki yana rawa, 'yar inuwa tana kai da kawowa a kan fuskar, malamin yana buga ƙafa a ƙasa a hankali yana auna lokaci. Bai ce mata janye ba. Ita da kanta ta janye. Aka kashe, aka tsoma, kowa ya sunkuyo a kan tasa a cikin jan hasken nan. Rumbu ya fito, riga ta fito. Sa'an nan goshi ya taso, idanu suka biyo, ga tsagen kumatunsa, ga bakinsa a matse. Gefe ɗaya na fuskar ya zauna cikin duhu, wannan ba abin da za a iya yi masa, domin abin da bai shiga fim ba ba mai fito da shi. Amma ba alamar kwali, ba alamar tsinke.

Afiniki ta ce, a hankali, “Baba ne.”

Da hoton ya bushe ta kai gida. Uwar ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta fita da shi bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta ce, “Dubi yadda ya matse baki. Dariya yake dannewa. Haka yake yi in an sa shi abin da ba ya so.” Ta yi kuka, ta yi dariya, ta kira maƙwabta su zo su gani. Tana ta ce musu, “Kyamarar makarantar nan ta iya aiki. Latsawa ɗaya, ta fito mini da shi yadda yake.”

Kashegari Afiniki ta je wurin malamin, ranta a ɓace. Ta ce, “Malam, kyamara Mama take ta yabo. Kyamarar da ta ɓata shi! Ba ta san wahalar da ka sha ba. Yau zan gaya mata duka.”

Ya ce, “Ta ga wurin da tsinken ya bi?”

Ta ce, “Ba ta gani ba.”

Ya ce, “Mijinta fa, ta gan shi?”

Ta ce, “Ta gan shi.”

Ya ce, “To, mun gama aikinmu. Ƙyale ta da kyamararta.”

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Hasken fitila shi ne gaskiyar Allah, wadda take sauka a kan kowa, ba ta kuwa da laifi. Farar riga ita ce abin da muke aunawa sa'ad da muka dubi mutum: tufafinsa, matsayinsa, abin da mutane za su ce. Sau da yawa muna fita da rigar ɗan'uwanmu tas a zuciyarmu, shi kansa kuwa ba mu gan shi ba. Afiniki tana ƙaunar mahaifinta, kada ku yi shakka, duk da haka riga ta auna. Ashe ƙauna ma takan yi wannan kuskure.

Dodon hoton shi ne zukatan mutane, waɗanda ba kaurinsu ɗaya ba. Akwai wanda za ka tsauta masa da ƙarfi, ya girgiza, ya gyaru. Akwai wanda baƙin ciki, ko kunya, ko faɗuwa cikin zunubi ya riga ya mai da shi shara-shara. Wannan in ka sakar masa dukan abin da ka sani a kansa a lokaci ɗaya, ko da kowace kalma gaskiya ce, zai ƙone. Muna da gwanayen wannan a ikilisiya, masu cewa, ni dai gaskiya na faɗa. I, ka faɗa. Ina mutumin yake yanzu? Ya daina zuwa sujada.

Waɗansu kuma, don gudun haka, sai su ce a rage hasken gaba ɗaya, kada a kira zunubi zunubi, kada a ɓata wa kowa rai. Kun ga abin da ya fita a takardar nan, wani abu toka-toka mai ban tsoro. Ubangiji bai yi mana haka ba. Bai rage tsarkinsa ko kaɗan ba domin mu. Abin da ya yi shi ne, ya shiga tsakaninmu da abin da zai ƙone mu, ya yi mana inuwa da jinƙansa, yana sakar mana haske gwargwadon abin da za mu iya ɗauka, har kamanninsa ya fito a cikinmu. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce fuskar tana nan, a lokacin da kowa ya ce ta ɓace.

Tsinken tsintsiya kuwa mu ne, ni da ku. Ba zinariya ba ne, daga bayan ƙofa aka zaro shi, don haka kada wani ya ce shi bai isa ba. Kada kuma ka ce hannunka yana rawa, ba ka san abin da za ka faɗa wa mai makoki ba. Mai rawar hannu ya fi mai ƙanƙamewa amfani a wannan aiki. Amma ku riƙe abu biyun nan da malamin ya faɗa. Kada ka rufe mutum har abada, kana ɓoye masa gaskiya, kana ɗauke masa kowane kaya. Wannan ba jinƙai ba ne, za ka bar shi fari fat ba kome a cikinsa. Ka tare masa, lokaci ya yi ka janye.

Ɗayan kuwa, wato motsa hannu, shi ne ya fi yi mana wuya, ni ma da nake tsaye a gabanku ban tsira ba. Mukan taimaki gwauruwa, sa'an nan mu tsaya ƙam a kanta, har duk wanda ya dube ta mu yake gani. Ka biya wa maraya makaranta, gari duka ya sani, yaron ba ya iya ɗaga kai in ka wuce. Ka kifa masa ludayi ke nan. Taimakon ya isa, amma mutumin ya ɓace a ƙarƙashinsa.

Kowannenku ya san wani da ya yi duhu a idon jama'a, wataƙila a gidanka yake kwana. A makon nan ka je ka yi masa inuwa. In Allah ya tashe shi, ya miƙe a tsakiyar ikilisiya yana ba da shaida, ya gode wa Ubangiji, ya gode wa likita, ya gode wa wanda bai yi masa kome ba, sunanka kuwa bai fito daga bakinsa ba, kada ka tari numfashinsa, kada ka je gida kana gunaguni. Ka dubi fuskarsa da ta fito, ka ce amin tare da sauran jama'a.